Farcen Da Babu Tawada

"Kawo ɗayan," in ji jami'ar zaɓe.

Mai Tawada ya janye hannun hagu, ya miƙa mata na dama. Ta juya shi ciki da baya kamar mai tayin kifi, sannan ta ajiye bironta a kan rajista.

"Malam, da ni za ka yi wasa? Sau nawa ka jefa yau? Sau goma?"

Layin maza ya kwashe da dariya, na mata ya karɓa. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, ita ce Malama, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, saura mata uku a gabanta ta shiga. Ajin nan da aka mayar rumfar zaɓe ajinta ne. Ita ta rubuta jadawalin bakwai da ke kan allo har yanzu ba a goge ba. Teburin da jami'ar ke zaune a gabansa ma nata ne, mai gajeriyar ƙafa ɗaya da take tokarewa da murfin kwalba.

Ƙa'idar ranar a fili take. Duk wanda ya jefa ƙuri'a sai a shafa masa tawada shunayya a gindin farcen babban yatsansa na hagu, irin wadda ba ta barin jiki sai ta kwana bakwai, don kada ya zagaya ya sake shiga layi. Shi kuwa Mai Tawada faratansa goma duk shunayya ne, har cikin tsagogin fata.

Ba a rumfa ya samo ta ba. Kwana goma sha tara ya yi yana buga fastocin mahaifin Malama a tsohon injinsa mai tofar da tawada, wanda ba ya tafiya sai ana tura masa takarda da hannu. Sau dubu uku fuskar Baba ta wuce ta ƙarƙashin yatsun nan, kuma duk kyauta.

Baba mai gyaran sikeli ne, shekara arba'in yana wannan sana'a, har mutanen unguwa suka matsa masa ya tsaya takarar kansila a jam'iyya mai alamar tsani. Shi da kansa ya zaɓi launin fastocin. Ya ce ya yi mafarkin wani tsuntsu shunayya ya sauka a kan sikeli, allurar ba ta motsa ba. Ba wanda ya gane fassarar mafarkin, amma aka buga.

Wata takwas ke nan da Mai Tawada ya nemi auren Malama. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta rantse ba za a yi ba, don ɗanta Mai Motoci ya riga kowa so. Da surutu ya ishi Baba sai ya ce, "Ranar da aka gama zaɓen nan, ko na ci ko na faɗi, kafin rana ta faɗi zan ba da amsa." Tun daga nan kowannensu ya tsunduma cikin yaƙin neman zaɓen, wannan da injinsa, wancan da motocinsa.

"Ranki ya daɗe, tawadar aiki ce," in ji Mai Tawada a hankali. "Ki duba rajista. Ba a soke sunana ba."

Ta duba. Gaskiya ne, ba a soke ba. Ta yi tagumi, sannan ta juya ga bencin wakilan jam'iyyu.

"In ku duka biyun kun yarda bai jefa ba, zan ba shi takarda. Me kuka ce?"

Wakilin jam'iyya mai alamar ƙararrawa wani tsohon tela ne, wanda ko a ranar zaɓe bai cire tef ɗin awo daga wuyansa ba. Ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda.

"Hajiya, ba shi ya jefa. Na san ba mu zai zaɓa ba, amma wa bai san hannunsa ba? Shi ya buga katin bikin 'yata, wata guda katin yana warin kananzir. Na yarda."

Saura wakilin tsani. Shi ne Mai Motoci, yana zaune cikin fararen kaya, yana juya makullin motarsa a yatsa. Ya ɗan yi murmushi.

"Ni ban yarda ba."

Har ƙadangaren da tun safe ke kwance a saman allo yana kallon akwatin zaɓe ya ɗaga kai.

Malama ba ta san lokacin da ta ture matan da ke gabanta ba. Sai ganinta aka yi a tsakiyar aji.

"Yaya! Me ka ce?"

"Ƙanwata, koma layi, wannan ba maganar mata ba ce."

"Ba maganar mata ba ce? Kai wakilin wa ne a nan? Baba ya aiko ka ka tsare masa ƙuri'a, ko ka kore ta? Tela ya yarda, telan da yake son mu faɗi, kai ne za ka ƙi?"

"Shi ya sa na ƙi," in ji shi, muryarsa a sanyaye kamar mai karanta sanarwa. "Ke ba ki san siyasa ba. Yau su yarda, gobe su kai ƙara su ce mutuminmu ya jefa sau biyu, a soke mana akwatin gaba ɗaya. Kawu nake karewa."

Tela ya yi tsaki. "Yaro, ni da furfurata zan kai ƙarar farce?"

"Wallahi ƙarya kake, Yaya," in ji Malama. "Ba Baba kake karewa ba. So kake ka je ka ce masa ko ƙuri'a bai jefa masa ba. Ka ji kunya! Ka ji kunyar fararen kayanka!"

"Malama, ya isa," in ji Mai Tawada.

"Bai isa ba! Kai kullum ya isa! A taka ka, ka ce ya isa!"

Jami'ar ta buga tebur, murfin kwalbar ya fice, teburin ya karkace, rajista ta zame ƙasa. Ɗan sandan bakin ƙofa ya leƙo.

"Ba a kasuwa muke ba!" in ji ta. "Kai mai ƙin yarda, zo ka rubuta dalilinka ka sa hannu." Mai Motoci ya rubuta, ya sa hannu mai ƙatuwar jela, ta yage masa kwafi ya ninke ya sa a aljihun ƙirji. Ta juya ga Mai Tawada. "Kai kuma, ƙarfe biyu da rabi ake rufe layi. In ka dawo min da farcen nan fari kafin lokacin, ka jefa."

Ƙarfe ɗaya da kwata a lokacin.

Akwai famfo a bayan ajujuwa, kusa da bishiyar da aka rataye wa tsohon wilin mota a madadin ƙararrawar makaranta. Can Mai Tawada ya tsuguna. Ya goga sabulu, ya goga yashi. Bai ankara ba sai ga Malama a kansa, tana haki, riƙe da kwalbar kananzir da soson ƙarfe da lemon tsami uku da ta karɓo a gidan maigadi.

"Kin jefa?" shi ne abin da ya fara tambaya.

"Kawo hannun."

"Na ce kin jefa?"

"Zan jefa. Kawo hannun."

Ta zuba kananzir, ta dirje. Ta matsa lemo, ta dirje. Ruwan da ke gangarowa ya yi shunayya, har wata agwagwa da ta zo sha ta tsaya tana kallonsa ta fasa. Amma gindin farcen bai canza ba. Tawadar nan mai kyau ce, shi ya zaɓe ta da kansa don kada ruwan sama ya wanke fuskar Baba daga bango.

Fatar ta ɗaye. Jini ya fito, ya gauraya da shunayya.

"Bari," in ji shi. "Ba za ta fita ba. Ni na san tawadata. Tashi ki koma layi, biyu ta wuce."

"Ba inda za ni."

"Malama."

"Na ce ba inda za ni! In ba a bar ka ka jefa ba, ni ma ba zan jefa ba. Su riƙe akwatinsu!"

Ya fizge hannunsa. Tun da ta san shi ba ta taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"Su wa? Su wa za su riƙe? Akwatin na Yayanki ne? Mahaifinki ne a kan takardar nan!"

"Mahaifina ne ya ɗora Yaya a bencin can! Na ce masa ya sa ka, ya ce kai ba ka da kayan zama gaban mutane. Wata takwas yana auna ka kamar buhun gawayi. Ka bar aikin da ake biyan ka, ka ƙone hannunka a kan hotonsa, ko sannu Gwaggo ba ta bari ya yi maka. Yau kuma a tsayar da kai gaban ɗalibaina da iyayensu ana maka dariya, ni kuma in shiga in dangwala in fito ina murmushi?" Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu, kananzir ya shiga idonta, ta ƙara fusata. "Ba zan iya ba! Hannuna ba zai iya ba!"

"To don ni kike yi, ko don zuciyarki?"

"Don mu!"

"Ban sa ki ba. Ki ji ni da kyau, ban sa ki ba. Ni an hana ni, ina da abin faɗa. Ke me za ki ce?"

"Wa zai tambaya? Baba zai ci da ɗari biyu, kowa ya sani. Ko bangon masu ƙararrawa hotonsa ne a jiki."

"Hoto ba ya jefa ƙuri'a. Ni na buga su, na sani." Ya sassauta murya. "Don Allah, don darajar mahaifiyarki da ke kwance a kabari, tashi. Saura minti goma."

Da bai ambaci mahaifiyarta ba, wataƙila da ta tashi. Sai ta zauna daɓas a kan dakalin famfon, ta rufe fuska da mayafi, ta fashe da kuka mai ƙarfi.

"Da tana raye da ba a yi mana haka ba! Da Gwaggo ba ta isa ba!"

Ya tsaya a kanta yana roƙo, jini na ɗiga daga yatsansa. Ya roƙa da lallashi, ya roƙa da faɗa, har ya ce in ba ta tashi ba kada ta sake yi masa magana. Ta ce ta ji. Suna cikin haka ɗan sanda ya zo ya ɗauki guntun ƙarfe ya buga wilin motar sau uku.

An rufe layi.

Mai Tawada ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya yage gefen rigarsa, ya naɗe yatsan, ya tafi bai waiwayo ba.

Malama ta duba farcenta na hagu. Fari ne tas, kananzir ya ƙara masa haske. Ta cusa hannun cikin mayafi, can ya wuni.

Rumfa huɗu ce a mazaɓar, don haka ƙidaya ba ta daɗe ba. Bayan la'asar kaɗan mutane suka cika ƙofar shagon Baba, wanda ke jikin gidansu. Shi kuwa yana ciki, a kan kujerarsa ta aiki, kewaye da sikeli iri-iri, na mahauta, na masu hatsi, da wani na asibiti da ba a zo karɓa ba shekara shida. Don ya ɗauke hankalinsa, ya ɗauko wani ɗan ƙaramin ma'aunin maƙeran zinariya yana gyarawa, mai faranti biyu, wanda ko ƙuda ya sauka a gefe ɗaya sai ya rinjaya.

"Uwata, zo ki zauna kusa da ni," in ji shi. Duk unguwa Malama ake ce mata, shi kaɗai ke ce mata Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Me ya sami idonki?"

"Rana ce, Baba."

Motar Mai Motoci ta tsaya da ƙarar birki. Ya fito, Gwaggo na biye da shi, ɗankwalinta a hannu. Tun kafin su yi magana mutanen ƙofa suka fara salati.

"Kawu," in ji Mai Motoci, yana duban ƙasa. "Ƙararrawa ɗari shida da goma sha ɗaya. Mu ɗari shida da goma."

Baba ya ajiye ɗan sukudirebansa a hankali.

"Sake faɗa."

"Ƙuri'a ɗaya, Yaya!" Gwaggo ta kurma ihu. "Ɗaya tak! Ɗana ya sa an kwaso tsofaffi da guragu tun asuba, har wata mai naƙuda aka kawo ta jefa kafin a kai ta asibiti! Mota uku ba su huta ba! Ƙuri'a ɗaya! Ka san ta waye? Ka san wanda bai jefa ba?"

Daidai lokacin Mai Tawada ya yi sallama a bakin shagon, yatsansa naɗe da tsumma. Ya tsuguna.

"Baba, na ji abin da ya faru. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

"Ga shi nan!" in ji Gwaggo, ta nuna shi da ɗankwali. "Ga angon nan naka! Har yana da bakin gaisuwa! Kai ƙazami, ba ka san ana zaɓe yau ba? Ba ka san ana duba hannu ba? Kowa ya yi wanka ya fito, kai ka zo da hannu kamar wanda ya kwana a rijiyar rini! Ko sayen ka aka yi? Faɗa mana, ƙararrawa nawa suka kaɗa maka?"

"Gwaggo, ba haka..."

"Kada ka ce min Gwaggo! Ban haɗa komai da kai ba!"

Baba ya ɗaga hannu, ta yi shiru tana huci. Ya dubi Mai Tawada.

"Ka jefa?"

"Ban jefa ba, Baba."

"Shi ke nan abin da nake son ji." Muryar Baba ba ta tashi ba. "Shekara arba'in ban taɓa neman komai a wurin mutanen unguwar nan ba. Sau ɗaya na nema. Mutumin da yake son in ba shi 'yata ya kasa wanke hannunsa saboda ni. Na ce zan ba da amsa yau. Tashi ka tafi. Wannan ce amsar."

Mai Tawada ya buɗe baki, ya dubi Malama, ya rufe. Ya fara miƙewa.

"Zauna!" in ji Malama.

"Ke!" in ji Gwaggo. "A gaban ubanki?"

"A gabansa, Gwaggo, tun da a gabansa ake ƙarya. Baba, hotonka ne a hannun nan. Launin da ka zaɓa ne. Jami'ar ta ce in wakilai biyu sun yarda za ta bar shi. Telan ƙararrawa ya yarda. Ka tambayi Yaya wa ya ƙi."

"Sharri!" in ji Gwaggo. "Son namiji ya sa kina yi wa ɗan'uwanki sharri!"

"Takardar tana aljihunsa na ƙirji. Da sa hannunsa."

Hannun Mai Motoci ya tafi kan aljihun kafin ya tuna ya hana shi. Kowa ya gani.

"Kawo," in ji Baba.

"Kawu, dabara ce ta siyasa, don kada..."

"Kawo."

Baba ya sa tabaransa mai igiya a gefe ɗaya. Ba ya karatu da sauri, sai ya bi layin da yatsa, leɓensa na motsi. Da ya kai kan sa hannun mai jela, ya ninke takardar yadda take, ya ajiye.

"Na ɗora ka a benci ka tsare mini ƙofa," in ji shi, "ka tsaya a ciki kana korar mutanena. Kai ɗan ƙanwata. Ni na yi maka huɗuba da bakina."

"Yaya, yaro ne, kuskure..." in ji Gwaggo.

"Yi mini shiru! Wata takwas kina cika mini kunne. Mai mota, mai mota! Ga motar ta kai ni inda za ta kai ni!"

Malama ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Baba ya juya ga Mai Tawada, fuskarsa ta fara sakewa, har ya miƙa hannu kamar zai taɓa yatsan mai tsumma.

Sai Mai Motoci ya yi dariya, irin ta wanda ba shi da sauran abin asara.

"To, Kawu, tun da yau ranar duba hannu ce, ni na wuni a kan rajista, na san sunan da aka soke da wanda ba a soke ba. Ka ce wa 'yar taka ta..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta zaro hannunta na hagu daga mayafi, ta ɗora shi a kan teburin aikin Baba, kusa da ɗan ma'aunin zinariya.

Farcen fari tas.

"Ni ma ban jefa ba, Baba."

Gwaggo ta dafe ƙirji. Baba ya sunkuya ya duba farcen kamar yadda yake duba allurar sikeli. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake dubawa.

"Layi ne ya yi tsawo?" Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"A'a."

"Katinki ne ya ɓata?"

"A'a, Baba."

"Shi an hana shi. Ke wa ya hana ki?"

Ta durƙusa, hawaye na zuba. "Fushi na yi. Na ga abin da aka yi masa, na ce ba zan jefa ba. Ya roƙe ni, Baba, wallahi ya roƙe ni har jini na zuba a hannunsa. Ni na ƙi. Na ɗauka za ka ci da yawa. Na ɗauka tawa ba za ta..."

"Da wa kika yi fushin?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na ce da wa?"

"Da Yaya. Da Gwaggo." Ta haɗiye kuka. "Da kai."

Baba ya gyaɗa kai a hankali, sau da yawa.

"Tasa ɗaya, da mun yi kunnen doki. Da taki, da na ci." Ya ɗaga yatsu biyu, ya dube su, ya sauke. "Kin tuna wa ya raka ki kika karɓo katin nan? Awa huɗu muna rana, ina riƙe miki da jaka. Da safen nan kika ce mini, Baba, ƙuri'ata ce za ta fara shiga akwatinka. Na wuni ina tunawa ina jin daɗi. Na ce ko duk unguwa sun juya mini baya, ina da guda ɗaya da ba na shakka."

"Baba, ka yafe mini. Ka dake ni, ka zage ni, amma ka yafe mini."

"Baba," in ji Mai Tawada, "laifina ne. Saboda ni ta bar layi."

"Kai ka yi shiru, kai kaɗai ne ba ka da laifi a ɗakin nan." Baba ya miƙe, ya dafa tebur. "Na yi alkawarin amsa kafin rana ta faɗi, ga ta can tana shirin faɗuwa. Wadda na ba ka ɗazu na janye ta. Ka ce kana son ta? Na ba ka."

"Yaya!" in ji Gwaggo.

"Na ba shi! Ta riga ta zaɓa ai. Yau aka ce kowa ya zaɓa, ta zaɓa. Ku sa rana, ku gaya mini kamar yadda za ku gaya wa maƙwabta."

Mai Tawada bai tashi daga tsugunen ba. Fuskarsa ba ta nuna murna ko kaɗan.

"Baba, ba a cikin fushi na roƙa ba."

"A cikinsa ka samu. Yau masu fushi ne da rana."

Gwaggo ta ja ɗanta suka fice tana zage-zage, mutanen ƙofa suka dare suka ba su hanya, sannan su ma suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mai Tawada ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba, bai tafi ba, bai kuma dubi Malama ba.

Wata takwas tana kwana tana tashi da addu'ar ta ji kalmar nan daga bakin Baba. Ga shi ta ji. Ta rarrafa ta kama gefen rigarsa.

"Baba, ka dube ni. Don Allah ka dube ni ko sau ɗaya."

Ya zare rigarsa a hankali, ya koma kujerarsa, ya jawo ɗan ma'aunin gabansa. Wani ƙuda ya sauka a farantin hagu, farantin ya yi ƙasa. Baba ya zuba masa ido, bai kore shi ba.

"Malama," in ji shi, "in kin fita ki ja mini ƙofar."